Albashi Ma Yana Buƙatar Rumbu

Manomin gero a ƙasar Daura ko Maraɗi sau ɗaya yake karɓar albashinsa a shekara. Idan kaka ta yi, aka yi girbi aka ɗaure dammuna, abin da ya shiga rumbu shi ne zai riƙe gida har wata kakar. Ma'aikaci kuwa sau goma sha biyu ake biyan sa, amma kafin 20 ga wata ya fara karɓar bashin shinkafa a shagon unguwa. Sau da yawa abin da ya bambanta su shi ne manomi yana raba hatsinsa tun kafin a kai ko mudu ɗaya wajen niƙa.

Da farko yakan fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma idan noman damina ne kuma ya kai nisabi. Sai ya zaɓi zangarniyar da ta fi kyau ya ware ta don iri, ya ajiye ta inda hannu ba ya kaiwa. Sai ya keɓe wanda zai sayar don taki da auren 'ya. Ragowar shi ne na ci, kuma kullum da awon da aka sani ake fitar da shi. Kasafin kuɗi ke nan, sai dai shi mai albashi takarda da biro ne rumbunsa.

Ranar da kuɗi suka shigo, kafin ka sayi ko tsire, zauna ka rubuta abin da ya shigo hannunka da gaske, ban da wanda aka yi maka alkawari. Fara da iri: wani kaso, komai ƙanƙantarsa, da zai tafi adashe ko asusun da ba ka yawo da katinsa a aljihu. Wanda ya ce sai abin da ya rage a ƙarshen wata zai ajiye, ba zai taɓa ajiyewa ba, domin kuɗin da ke kusa da hannu ba sa rasa mai nema.

Inda na fi ganin mutane na faɗuwa shi ne hidimomin da ke zuwa sau ɗaya ko sau uku a shekara. Kuɗin haya, kuɗin makarantar yara kowane zango, ɗinkin Sallah, ragon layya. Idan suka iso sai ka ji magidanci yana cewa abubuwa sun zo masa ba zato, alhali tun bara ya san ranar zuwansu. A ce hayarka naira 240,000 ce a shekara. To kowane wata naira 20,000 daga albashinka na mai gidan haya ne, ko da suna kwance a asusunka. Wanda ya kashe su ya ci hatsin watan marka tun a rani.

Sai kuma ƙwarin rumbu, masu ci a hankali ba a ji: katin waya, data, ladan mai POS duk lokacin da ka cire dubu biyu, anko, gudummawar biki. Ka yi wata guda kana rubuta duk abin da ya fita, har naira ɗari ta ruwan leda, za ka ga inda gidanka ke yoyo. Ba na cewa a yanke zumunci, Allah ya kiyaye. A ba shi nasa kason kamar sauran, ta yadda idan ƙanenka ya zo da buƙata za ka ba shi da sakin fuska, ba tare da ka taɓa kuɗin makaranta ba.

Na san wani zai ce me za a raba, abin ma bai isa ba? Yana da gaskiya. Tun da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi sama, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024 ba ya kai mai iyali ƙarshen wata. Lissafi ba ya ƙara hatsi a rumbu. Amma manomin da ya leƙa rumbunsa tun a watan Janairu ya ga ba zai kai damina ba, yana da lokacin rage awo, ko shiga fadama noman rani, ko tafiya cin rani. Haka ma'aikacin da ya san giɓinsa naira 15,000 ne kowane wata, ya san girman sana'ar da zai nema bayan an tashi aiki, maimakon ya riƙa toshe ramin da rance.

Kuma kada a yi wannan zama ba tare da uwargida ba. Ita ta san kuɗin mudun wake na wannan makon da kwana nawa kwalbar manja ke yi. Farashi yana sauyawa tsakanin kasuwa da kasuwa, saboda haka duk ƙarshen wata sai ku sake ɗauko takardar ku gyara alƙaluman tare.