Walƙiyar da Ido Bai Gani Ba

Ranar Lahadi 9 ga Oktoba, 2022, da misalin ƙarfe 2:17 na rana agogon Nijeriya, wani haske mai tsananin ƙarfi ya iso duniyar nan bayan tafiyar kusan shekara biliyan 2. Lissafi ya nuna cewa a wannan lokaci mafitarsa tana sararin sama ta gabas da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ta hau kamar sulusin hanya zuwa tsakiyar sama. Duk da haka, da manomin da ke karyar masara ya ɗaga kai, ba abin da zai gani.

Dalili kuwa shi ne wannan hasken gama ne, ɗan'uwan hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Ido ba ya ganin sa, iskar da ta lulluɓe duniya kuma tana shanye shi kafin ya sauko. Saboda haka mai son auna shi tilas ya aika da na'urarsa can sama da iska.

Asali ma ba neman sa aka fita ba. Bayan yarjejeniyar 1963 da ta hana gwajin makaman nukiliya a iska da sararin samaniya, Amurka ta harba taurarin ɗan'adam masu suna Vela don su yi gadi. Dattawa ba su manta fargabar wancan zamani ba, domin a 1960 Faransa ta tayar da bam ɗinta a Reggane cikin Sahara, har Nijeriya ta yanke hulɗa da ita a 1961. Ranar 2 ga Yuli, 1967, Vela ya tsinkayi tartsatsin gama wanda bai yi kama da na bam ba. Sai a 1973 aka buga labarin.

To, yaya ake awon? Tauraron Fermi, wanda aka harba a 2008, yana ɗauke da dunƙule 12 na wani irin gishiri garai-garai kamar gilashi, kowanne yana fuskantar nasa sashe. Duk ƙwayar gama da ta faɗa ciki sai ta haifar da ɗan ƙyalli, na'ura ta ƙirga. Daga yawan ƙirgar ake gane ƙarfin fashewar, daga dunƙulen da ya fi samu kuma a gane inda ta fito, kamar yadda bangon da ya fi jiƙewa yake nuna ta inda ruwa ya bugo. Ana kuma duba tsawon lokaci. Wadda ba ta kai daƙiƙa 2 ba galibi karo ne tsakanin gawawwakin taurari biyu, wadda ta zarce haka kuwa yawanci ƙaton tauraro ne ya rufta cikin kansa ya zama baƙin rami.

Ta 2022 irin ta biyun ce, kuma ta fi ƙarfin ma'auni. Ƙwayoyin sun yi ta kwarara har na'urar ta kasa ƙirga su, tamkar a juye buhun hatsi cikin mudu ɗaya. Sai da masana suka haɗa bayanan na'urori da dama kafin suka kimanta cewa irinta takan zo sau ɗaya ne a shekara 10,000.

A ganina, abin da ya fi ƙayatarwa shi ne shaidar da iska ta bayar. Mai sauraron rediyo ya san tashoshin nesa sun fi fitowa da dare. Can sama akwai shimfiɗar iska mai ɗauke da lantarki wadda ke mayar da saƙon rediyo ƙasa, hasken rana kuma yana sauya ta. Haka fashewar nan ta sauya ta, har wuraren awo a Turai suka ga saƙon dogon zango ya jirkita, na'urorin gano tsawa a Indiya su ma suka motsa.

Nisa ne ya sa abin ya tsaya nan. Masana na ganin da irinta za ta auku kusa da mu cikin gungun taurarinmu, ta saito duniya, za ta iya lalata shimfiɗar ozon mai kare mutane da amfanin gona daga ƙunar rana.