Shirwa da muzuru na ƙare kaji: ga yadda ake yi masu akurki

A ƙasar Madawa da Buza da Keita, da wuya a shiga gida ba a tarar da kaza ba. Yawancin kajin nan na mata ne da yara. In yaro ya kwanta ciwo, kaza ake kamawa a kai kasuwa a sayo magani. In baƙo ya sauka, zakara ake yanka mashi. Suna, salla, kuɗin littafin ɗan lakkwal, duk da hannun kaza ciki. Amma doki na da barga, tunkiya na da turke da rumfa, ita kuwa kaza sai ta kwana ƙarƙashin rumbu, ko bisa reshen icce, ko cikin madafa bayan tukwane.

Ga lissafi mai sauƙi. Kazar gida takan yi kwanci kamar sau 3 a shekara, kwana 21 kowane karo. A ce ta ƙyanƙyashe 10 duk kwanci. Ƴan tsaki 30 ke nan. To, nawa ne ke kai girman sayarwa? A gidaje da yawa ko rabi ba su kaiwa. In an tambaya sai a ce ciwo ne. Gaskiya ne annoba na kashe kaji, amma annoba lokacinta gare ta, yawanci da sanyi. Shirwa da muzuru kuwa ba su da lokaci. Yau ɗaya, gobe ɗaya, har uwa ta dawo gida da ƴaƴa 2 ba wanda ya lura.

Kowane ɓarawo da alamarsa

Kafin mutum ya ɗauki laka ko kara, ya fara sanin wa ke yi mashi ɓarna. Wanda bai sani ba sai ya toshe ƙasa, ga shi ta sama ake zuwa.

Ɗan tsako ya ɓace da rana tsaka, ba jini, ba gashi, uwar na ta kuka tana duban sama: aikin shirwa ne ko shaho. Hausawa na cewa kaza mai ƴaƴa ita ke gudun shirwa. Shirwa ba ta iya ɗaukar babbar kaza, ƙananan take bi. Ta fi samun su a fili, inda babu inuwa ko ƙaya da za su ruga su ɓuya. Hankaka shi ma yana ɗaukar ɗan tsako na kwana 2 ko 3, kuma yana huda ƙwai ya shanye ya bar ɓawo.

Da dare aiki ya koma hannun masu ƙafa huɗu. Muzuru yakan kama ɗaya ya fita da ita, da safe a ga gashi a warwatse bayan danga. Tunku da bodari sun fi muni. Su in sunka shiga, sukan kashe da yawa a dare guda, su cije wuya ko kai, su bar sauran jiki nan. Garuruwan da ke gindin duwatsu, kamar na wajen Garhanga da Tamaske da Allakai, suna da ƙarin baƙi: dila da yanyawa na saukowa in gari ya yi tsit. Su masu tono ne, ta ƙarƙashin danga suke shiga. Karen maƙwabci ma kar a cire shi daga lissafi.

Ƙwai ya ɓace daga ƙarƙashin mai kwanci, babu ɓawo ko kaɗan: a nemi maciji, ko guza, ko kusu da gafiya. In an tarar da ɗan kaza a mace, kansa da wuyansa jiƙe da yawu, maciji ne ya gwada haɗiyewa ya kasa. In kuwa manyan zakaru 3 sunka ɓace dare guda, ƙofa a rufe, ba gashi ba jini, wannan ɓarawon mai ƙafa biyu ne, maganarsa ta mai gari ce.

Ke nan hanyoyin ɓarna uku ne: sama, ƙasa, da kafa. Ɗaki ɗaya ba ya tare su duka. Kaza na bukatar akurki na dare, ƴan tsaki na bukatar kwando na rana.

Akurkin dare

Mutanen Adar ba su bukatar a koya masu gini da laka. Wanda ya iya tayar da rumbun da ke cin dami ɗari, akurki ba zai gagare shi ba. Abin da ke lalata akurkin gargajiya shi ne ana yin shi da raini: a ɗora laka bisa rairayi, a bar ƙofa da guntun zana, shi ke nan.

A zaɓi wuri mai ɗan tudu cikin gida, inda ruwa ba ya kwanciya, kusa da ɗakin kwana don a ji motsi. Kar a jingina shi da tarin kara ko tarin itace, nan ne gidan kusu da maciji. Don kaji 10, a zana da'ira mai faɗin kamu 4, wato kamar mita 2. A haƙa tushe zurfin kamu 1, a cika shi da duwatsu a danne da laka. Wannan tushen shi ne maganin dila da tunku da gafiya: su tona su ci karo da dutse su haƙura. Dutse kuwa ba abin saye ba ne a ƙasar nan. Tun shekarar 1984 da anka fara babban furojen Keita da taimakon ƙasar Italiya, mutanen yankin, musamman mata, sun jera duwatsu a gonaki da ƙoramu ba iyaka. Hannun da ya yi wancan aiki ya san yadda ake zaunar da dutse bisa dutse.

Bisa tushen a tayar da bango da lakar da anka cuɗa da ramno, tsawon kamu 3. Ƙasan ɗakin a zuba tsakuwa a yi daɓe mai ƙarfi, ya fi tsakar gida tsawo da taƙi 1. Ciki da waje a yi yaɓe sumul. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma abin da ke bin ƙadangare ya fi shi sharri. Duk kafar da babban yatsa zai shiga, ƙaramin maciji zai shiga. A riƙa dubawa, musamman bayan ruwan farko.

Ƙofa ta dubi yamma ko kudu, don hadari daga gabas yake tasowa, iskar hunturu kuma daga gabas maso arewa. Ƙofa biyu ta fi: ƙarama a ƙasa don kaji, babba a sama ko a gefe wadda za a iya sa hannu da tsintsiya. Akurkin da tsintsiya ba ta shiga, ba a share shi har abada. Murfin ƙofa ya zama katako ko ƙarfen tsohon duro, maƙeri ya yanka shi daidai, ya fi bakin ƙofar faɗi. A sa sakata, ko a danne da dutsen da yaro ba ya ɗagawa da hannu ɗaya. Zana da tsumma da fasasshiyar ƙwarya ba ƙofa ba ne, muzuru da hanci yake ture su.

Can sama kusa da rufi a bar kafofin iska 4 ko 5, kowace kamar tafin hannu, a toshe su da raga mai ƙananan ido, ko a gicciya tsinke masu ƙarfi cikin lakar tun tana ɗanya. A ɗora jinka ta ciyawa mai baki da tsawo, don ruwa kar ya ci bango, rana kar ta gasa ciki. A gicciya sanda a ciki don kwana, kowace kaza taƙi 1.

A kula da maganar waya. Ragar da ake kewaye garka da ita, da wadda ake ɗaure duwatsu a bakin ƙorama, idonta ya yi girma. Tana tare akuya da kare, amma ɗan tsako na fita, tunku da maciji na shiga. In za a kashe kuɗi, a sayi mai idon da ƙaramin yatsa ba ya wucewa, ko da kamu 2 ne, a sa ta a kafofin iska kawai.

A fadamun Tarka da Majiya, inda ƙasa ke jiƙa da damana, akurki mai ƙafafu ya fi. A kafa shika-shikai 4 masu gwafa, tsawon kamu 2 daga ƙasa, a yi daɓen sanduna a sama, a saƙa bango da rassa a yaɓe da laka. Kowace ƙafa a sa mata hular kwano a kife, kamar mazurari, kusu ya hau ya kasa wucewa. Akurkin ya nisanci katanga da reshen icce, don muzuru gwanin tsalle ne. Icce mai kyau shi ne dogon yaro, gara ba ta cika cinsa ba. A kwarin Majiya akwai layukansa da anka fara dasawa a shekarar 1975 don tare iska, aikin ƙungiyar CARE da ma'aikatan gandun daji da mutanen garuruwan. In lokacin sassabe rassa ya yi ana samun sanduna. Amma kar a sari icce sai da izinin masu kula da shi.

Makiyayi da ke tashi daga zango zuwa zango ba zai gina laka ba. Shi kwando mai murfi ya dace da shi, wanda jaki ke ɗauka. Da dare a rataye shi a reshe da igiya, sama da tsayin mutum, a kewaye gindin iccen da ƙaya.

Kwandon rana

Nan ne mafi yawan riba take, kuma ba ya cin ko dala. Kwana 40 na farko su ne masu haɗari ga ɗan tsako. In ya wuce su, ya yi gashi, ya iya gudu, ya fara yi wa shirwa nauyi.

A samo rassan geza ko sabara ɗanyu, a lanƙwasa su a saƙa kamar babbar ƙwarya a kife: faɗi kamu 3, tsawo kamu 1 da rabi, yadda uwa za ta miƙe tsaye. Daga ƙasa zuwa taƙi 2 a matse saƙar sosai, ko a kewaye da tsohuwar tabarmar kaba, wadda ba ta wuya a Madawa. Sama a bar ido don haske da iska. Tsohuwar komar masunta, ko gidan sauron da ya riga ya yage anka daina amfani da shi, suna tare shirwa da hankaka, amma ba su tare muzuru. Sabon gidan sauro kuwa na yara ne, kar a kai wa kaji.

Da safe, bayan raɓa ta bushe, a fito da uwa da ƴaƴanta a kife su a inuwa, a ɗora dutse sama don iska da kare. Kullum a sake wuri. Da marece a mayar da su akurki, a lungunsu daban. Bayan sati 2 ana iya sakin uwar ta ɗan yi kiwo kusa, ƴaƴan na ciki.

Wanda ya tsare ɗan tsako, ciyarwa ta hau kansa. A ba su tsakin hatsi ko na dawa, dusa, ɗan ƙuli-ƙuli a daka, da ganyen zogale a yanka ƙanana. Gara ita ce namansu. A cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da guntayen kara, a yayyafa ruwa, a kife ta inda gara ke fitowa, nesa da rumbu. Washegari da sassafe a ɗauko a zazzage masu. Ruwan sha a zuba a kasko marar zurfi, a sa tsakuwa ciki don kar su faɗa su mutu.

Ɗiyan zabbi sun fi kowa bukatar kwandon nan. Zabuwa da damana take ƙwai, ƙwanta na yin kwana 26 zuwa 28, kuma an saba sa wa kaza ta kwanta. Suna fitowa daidai lokacin ciyawa da raɓa da ruwan dare. In sunka bi uwa cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, sanyi ya kashe rabi, abin da ke ɓoye cikin ciyawar ya kwashe saura.

Akurki ma na iya kisa

In an rufe kaji a ɗaki mai duhu, ba iska, ba shara, to an raba su da muzuru an miƙa su ga ƙuma da kaska. Ƙwarin nan cikin tsagar bango suke wuni, da dare su fito su sha jini. Alamarsu ita ce kaji su ƙi shiga da marece. A share akurki duk sati, a barbaɗa toka, a yaɓe tsaga, a babbake sandar kwana bisa wuta sama-sama. Kashin da anka share kar a zubar: a tara shi ya ruɓe, masu albasa a fadamar Tarka sun san darajarsa.

Kaji da ke kwana wuri ɗaya, ciwo na saurin kama su gaba ɗaya. Saboda haka kafin sanyi ya shigo a nemi malamin bisashe ya yi masu rigakafin annobar da ake kira Niyukasal, allura ko ɗigo a ido. Kazar da anka sayo daga Tunfafi ko wata kasuwa, a ware ta sati 2 kafin ta shiga cikin na gida. In kaji na mutuwa da yawa farat ɗaya, kar a ci, kar a sayar, a sanar da ma'aikatar kiwo. A shekarar 2006 murar tsuntsaye ta ɓulla a Magarya, kuma ciwo ne da ke iya kama mutum.

Wasu in ɓarna ta ishe su sai su sa guba a mushe. Wannan mugun aiki ne. Muzurun da ake nema bai cika ci ba. Ungulu ke ci, da karen kiwo, da kajin kansu, wani lokaci har yaro ya taɓa. Mujiya ma da ake jifa, kusu take ragewa.

Kar a zura hannu cikin akurki da duhu, kar a aiki yaro ɗauko ƙwai ba fitila. A haska tukuna, a taɓa da sanda. In gamsheƙa ta tofa wa mutum a ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take a nufi likita. In sara ne, kar a tsaga wurin, kar a tsotsa, a ɗauki mutum a kai shi da gaggawa.

Rufe ƙofa kuma a ɗora shi bisa mutum ɗaya a gida, ya ƙidaya kaji da magariba, ya sake ƙidayawa da safe. Wanda ya iya rubutu ya samu ɗan littafi ya riƙa sa ranar ƙyanƙyasa, nawa sunka fito, nawa sunka rage bayan kwana 40, da abin da ya ɗauki kowane. Ranar da malamin bisashe ya zo gari a nuna mashi.