Likitan Da Ya Gano Abin Da Ke Ruɓar Da Rauni

Jama'armu na Ojoo da Sabo, musamman direbobi da 'yan kamasho da masu dako, kun san yadda ƙaramin rauni kan zama gyambo, har a yanke ƙafa. Ga labarin mutumin da ya fara toshe wannan hanya.

Sunansa Joseph Lister, likitan fiɗa ne, an haife shi kusa da Landan a 1827. A zamaninsa sau da yawa akan gama fiɗa lafiya, bayan 'yan kwanaki wurin ya yi mugunya ya ruɓe, zazzaɓi ya kashe majinyaci. Likitoci suna ɗora laifin a kan mugun warin iska. Da Lister ya karanta binciken Louis Pasteur na ƙasar Faransa, sai ya gane ƙwayoyin cuta ne, waɗanda ido ba ya gani, ke shiga rauni daga hannu da wuƙa da tsumma.

A watan Agusta 1865 aka kawo masa wani yaro ɗan shekara 11 a asibitin Gilasgo. Keken doki ya taka masa ƙafa, ƙashi ya karye, fata ta tsage. A lokacin irin wannan karaya yankewa ce maganinta. Lister ya rufe raunin da ƙyallen da ya jiƙa da ruwan kabolik. Bayan mako 6 yaro ya fita da ƙafarsa. Kafin wannan dabara, cikin mutum 35 da ya yanke wa gaɓa 16 sun mutu. Bayanta, 6 ne cikin 40. Ya buga bayaninsa a 1867, ya rasu a 1912.

Yau an daina sa kabolik a rauni, gama yana ƙona nama. Amma wanke hannu da dafa kayan aiki da ake yi a babban asibitin UCH na nan Ibadan, wanda aka buɗe a 1957, suna da nasaba da koyarwarsa.

Saboda haka, idan ƙashi ya karye har fata ta fashe, a fara kai mutum asibiti, kada a ɗaure rauni da datti a ciki wurin maɗori. Wanzamai kuma su tafasa aska, ko su sa sabuwar reza ga kowane yaro. Rigakafi ya fi magani.