Yumɓu Ba Ya Gaggawa: Yadda Ake Auna Tafiyar Ruwa Cikin Ƙasa

Zuba bokitin ruwa a jigawa, kafin ka juya baya ƙasa ta shanye. A fadama kuwa sai ruwan ya kwana yana kallonka. Manomi da ƙafarsa ya san wannan bambanci. Amma injiniyan da zai ɗaga madatsar ƙasa irin ta Tiga, ko ya shimfiɗa yumɓu a gindin juji don kada ruwan shara ya gangara rijiyoyin mutane, ba ya aiki da "ai tana riƙe ruwa". Lamba yake nema.

Tushen lissafin daga Faransa yake. A 1856 Henry Darcy, injiniyan da ya kai wa birnin Dijon ruwan famfo, ya cika bututu da yashi yana tura ruwa ta ciki. Ya gano cewa in aka ninka ƙarfin da ke tura ruwan, abin da ke fitowa ma ninkuwa yake, kuma kowace ƙasa da nata saurin.

Yashi ba ya wahalar da kowa: a tara ruwan da ya fito a kofi, a duba agogo, shi ke nan. Yumɓu ne mai gwada haƙuri, don sai a wuni gindin kofi bai jiƙe ba. Shi ya sa aka juya dabarar. A yanko ƙasar kamar girman gwangwanin madara, a sa ta a mazubi tsakanin duwatsu biyu masu shan ruwa, a kafa siririn bututun gilashi a samanta, a cika. Maimakon jiran abin da zai fito ta ƙasa, sai a sa ido kan yadda ruwan bututun ke sauka daga wannan zane zuwa wancan. Saboda sirantar bututun, ɗigo kaɗan ma sai ya nuna. Da tsayin farko, da na ƙarshe, da lokacin da aka ɗauka ake fitar da lambar.

Yashi mai tsabta na iya barin ruwa ya ci mita 8 a rana. Yumɓun da dokar Amurka ta yarda a shimfiɗa a gindin juji kuwa, kada tafiyar ruwa a cikinsa ta wuce kashi 1 cikin miliyan 10 na santimita a daƙiƙa, wato kamar santimita 3 a shekara guda.

A irin wannan tafiyar hawainiya, abu kaɗan ke yaudarar mai awo. Kumfar iska da ta maƙale a ƙasar tana tare hanya, sai yumɓu ya zama kamar ya fi yadda yake toshewa. Ruwa kan sulale ta jikin bangon mazubi, ya bar ƙasar ma gaba ɗaya. Don haka ake sa mata rigar roba a matse da ruwa ta waje. Da hunturu, in ba a rufe bakin bututu ba, abin da iska ta sha sai a rubuta wa ƙasa. Zafi ma na tsinka ruwa, shi ya sa ake mayar da kowane sakamako kan digiri 20.

Ni dai abin da ya fi damuna shi ne ƙanƙantar samfurin. Gwangwanin ƙasa ba ya ɗauko tsagewar rani, ko ramin gara, ko gurbin ruɓaɓɓen saiwa, ko inda leburori suka daɓe ƙasa a bushe don tankar ruwa ta makara. Ruwa kuwa nan yake bi.

Misali, madatsar Teton ta jihar Idaho a Amurka, da lallausar ƙasa aka cika cikinta, irin wadda ruwa ke wucewa da ƙyar. Ranar 5 ga Yunin 1976, ana cikin tara mata ruwa karo na farko, ruwan ya bi ta tsagogin dutsen da ke gefenta, ya riƙa kwashe ƙasar nan, kafin azahar ta ɓalle.