Dish Ɗaya, Ɗaki Huɗu: Yadda Ake Raba Sigina a Cikin Gida

Wanda duk ya bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, ya ratsa Ambursa ta wajen filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello, in ya ɗaga kai zai ga dish a kan katanga, eriya a kan dogon ƙarfe. A ƙasan dish ɗin nan sau da yawa ba talabijin ɗaya ba ce. Akwai ta turakar maigida, akwai ta ɗakin uwargida, amarya ma da tata aka kawo ta, samari kuma na shagon ƙofar gida suna jiran ƙwallo. Shirinmu na yau a kan ɗan ƙarfen da ake sawa ya raba musu sigina ne, wanda masu sayar da kayan lantarki ke kira siflita.

Abin da mai shago ba ya cika faɗa maka shi ne siflita ba ta ƙara komai, rabo kawai take yi. Manomin shinkafa a fadamar Rima ya san zancen: injin ban ruwa ɗaya, in ka raba bakinsa ga fangali biyu, kowane rabi zai samu, wani ma ya tsiyaye a hanya. Duba jikinta, za ka ga an rubuta lamba a kowane baki. Mai baki biyu 3.5 dB ake rubutawa, wato kowace talabijin ba ta ma samu cikakken rabi ba. Mai baki huɗu 7 dB, ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ke nan. Saboda haka mai talabijin biyu da ya sayi mai baki huɗu wai don gaba, ya yi wa kansa asara tun yau, domin bakin da ba a jona ba ma an ware masa kasonsa. Mai baki uku kuwa, galibi baki ɗaya ya fi sauran ƙarfi; shi za ka ba ɗakin da ya fi nisa, tunda doguwar waya ma tana shan sigina.

Lamba ta biyu ta zangon mita ce. In eriya kake rabawa, irin mai kamo NTA, wadda aka rubuta wa 5 zuwa 1000 MHz ta wadatar. Siginar dish kuwa tsakanin 950 da 2150 take saukowa, don haka sai mai kaiwa 2400. Ka sa ta eriya a wayar dish, tashoshi su yi ta ɓacewa, ka yi ta zagin mai saiti alhali ba laifinsa.

To amma a nan zan ɗan tsaya, domin a nan rigimar cikin gida take. Ɗan kan da ke gaban dish, LNB, ba shi da wutar kansa; dikoda ce ke aika masa ta cikin wayar. Kuma da wutar take ba shi umarni: bolt 13 ya kamo rukunin tashoshi ɗaya, bolt 18 ya kamo ɗayan. Yanzu a ce an jona dikoda biyu da siflita. Uwargida na kallon Arewa24, maigida ya juya zuwa wata tashar da ke ɗaya rukunin. Umarni biyu sun haɗu a waya ɗaya, dole ɗaya ya ci, ɗaya ɗakin hoto ya ɗauke. Gobe a ce wance ce ta taɓa waya. In kuma baki ɗaya ne kaɗai ke wuce da wuta, ranar da mai wannan ɗakin ta kashe dikodarta ta kwanta, kowa ya kwanta.

A ganina, mai dish da dikoda fiye da ɗaya ya bar batun siflita. Ya sayi LNB mai baki biyu ko mai baki huɗu, kowace dikoda a ja mata wayarta tun daga sama. Za a ƙara kashe kuɗin waya, amma kowa da rimot ɗinsa, ba mai shiga hakkin wani. Akwai kuma masu dikoda ɗaya da ke raba hoton da ya fito daga bayanta. Wannan yana aiki lafiya, sai dai duk gidan tasha ɗaya za a kalla, mai rimot shi ne sarki.

Waya ma a lura. A nemi RG6, mai kauri, ba siririyar RG59 ba, musamman in tafiyar da nisa. Kada a yarda a fere waya a murɗe ta da hannu a naɗe da leda. A sa mata kanta na ƙarfe mai zare, a ɗaure tamau. Siflita kuma a ajiye ta cikin inuwa, ƙarƙashin rufi. Ranar Kabi a watan Afrilu tana gasa robar waya har ta tsage, damina ta zo ruwa ya shiga, tsatsa ta kama. Talabijin ta zamani ba ta yin yayyafin nan na da da ake lallaɓawa a gani. Hoto ne zai tsaya cak, ya farfashe, ya tafi.

Wani zai ce a sa busta mana, wato na'urar ƙara ƙarfin sigina. Busta tana da amfani in siginar eriya mai kyau ce tun asali, aka sa ta kafin a raba. In an sa ta bayan siflita, ko eriyar ba ta fuskanci tasha daidai ba, za ta ƙara hayaniya tare da hoton. Kafin ka kashe ko kwabo, cire siflitar, jona talabijin ɗaya kai tsaye, ka buɗe wajen da dikoda ke nuna ƙarfi da ingancin sigina. In a nan ma ingancin ƙasa yake, mai saiti za ka kira ya hau sama tukuna.