Girki da batir a cikin kwale-kwale: lissafin da ya kamata masunci ya sani

Zancenmu na wannan mako ya shafi 'yan'uwanmu masunta da ke kwana a kan ruwa a tafkin Atbara da Sitit, kusa da garin Shuwak a jihar Gadarif, da kuma na Khashmal Girba. Madatsar Atbara da Sitit, wadda aka buɗe a 2017, tana iya samar da lantarki megawat 320, amma masuncin da ke tsakiyar tafkin ba shi da ko waya ɗaya daga cikinta. Abin da ya mallaka shi ne batir, wani kuma har da faifan sola. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, matatar mai ta Jaili ta daina aiki, gas ya yi wuya, gawayi ya yi tsada. Shi ya sa tambaya ta yi yawa: shin za a iya dafa shayi da abinci da wannan batir ɗin? Amsa ita ce e, ana iyawa, amma sai da lissafi.

Mu fara da batir. Ka ɗauke shi kamar randa. Wanda aka rubuta wa 12V da 100Ah, idan ka ninka lambobin biyu za ka sami 1,200. Wannan shi ne cikin randar, ana kiransa wat-awa. To amma batir mai ruwan asid, irin wanda ya cika kasuwa, ba a shanye shi ƙaf. Idan kana wuce rabi kullum, ba zai daɗe ba zai mutu. Ke nan abin da kake da shi a zahiri wat-awa 600 ne. Batirin litiyam yana yarda a ɗebi kashi 80 cikin 100 ko fiye, sai dai kuɗinsa ba na wasa ba ne.

Sai kayan girkin. Kowanne akwai lamba a gindinsa mai harafin W, wato wat. Butar lantarki ta gida yawanci wat 1,500 zuwa 2,200 ce. An yi ta ne don kahrabar gari mai bolt 230, don haka sai an sa inbata a tsakani. Buta mai wat 2,000 za ta ja sama da amfiya 160 daga batir mai bolt 12. Malam, wannan ya fi ƙarfin batir ɗaya. Inbata za ta yi ƙara ta ɗauke, waya ta yi zafi, wani lokaci har robarta ta narke.

Ga inda dabara take. Tafasa lita ɗaya ta ruwa tana cin wat-awa kusan 100 zuwa 110, ko da wace buta ka tafasa. Bambancin kawai sauri ne. Ƙaramar butar matafiya mai wat 600 za ta yi aikin cikin minti 11 ko 12, tana jan amfiya 55 ko kusa da haka, batir kuma ya jure. Akwai wadda ake sakawa kai tsaye a bolt 12 ba tare da inbata ba, mai wat 120, amma ita sai ka jira kusan minti 50. Sannu ba ta hana zuwa.

Ƙaramar tukunyar shinkafa mai wat 400 tana gama aiki cikin minti 25, ta ci kimanin wat-awa 190 idan an haɗa da abin da inbata ke ɓatarwa. Tana dafa adas, tana dafa miyar kifi, ba shinkafa kaɗai ba. Tukunyar matsi ta lantarki ita ma tana da tattali, domin da zarar ta ɗauki zafi sai ta riƙa kashe kanta tana kunnawa. Ful ɗin da aka jiƙa tun dare zai nuna a cikinta da wat-awa 300 zuwa 400. Abin da batir ba ya so shi ne suya da kisira. Murhun lantarki mai wat 1,000, rabin awa kawai ya cinye 500. Karfasa da tarwaɗa dai a bar wa gawayi su, idan an sauka gaɓa.

Yanzu mu haɗa lissafin kwana ɗaya. Fitila mai wat 10, awa shida, 60 ke nan. Cajin wayoyi uku, 45. Shayi safe da yamma, lita ɗai-ɗai, 220. Tukunyar shinkafa sau ɗaya, 190. Jimla 515. Ka ga saura kaɗan a kai 600. Wanda ya ƙara ful a kan wannan, to fitilarsa ce za ta mutu da tsakar dare, wayarsa kuma ta ɗauke a lokacin da iska ta taso yana neman a kawo masa ɗauki.

Abin da aka ɗiba kuma dole a mayar. Faifan sola mai wat 200, a ranar Gadarif, yakan ba da wat-awa 800 ko sama da haka a yini lokacin rani. Da kharif, daga Yuni zuwa Satumba, hadari yana rage shi ƙwarai. Ƙura ma tana ragewa, sai a riƙa goge shi da tsumma mai laima. Kuma a yi girki tsakanin ƙarfe goma na safe da biyu na rana, lokacin da faifan ke tallafa wa batir. Idan abinci ya tafasa, a kashe wuta, a nannaɗe tukunyar da bargo, zafin da ke ciki zai ƙarasa dahuwar kyauta. Kada a dogara da ƙaramin injin kwale-kwale wajen caji, abin da yake bayarwa 'yan amfiya ne kawai. In kuwa injinka da batir yake tashi, kada ka kuskura ka yi girki da shi. Batirin inji daban, na girki daban.

Sai batun tsare rai, wanda ya fi komai. Inbata ta fi abin da za ta ɗauka ƙarfi: buta mai wat 600, inbata mai 1,000. Tukunya mai maɓallai da agogo tana buƙatar inbata mai tsabtatacciyar wuta, ka tambayi mai shago. Wayar da ke tsakanin batir da inbata ta zama gajeriya kuma mai kauri, aƙalla mai lamba 16, a sa mata fiyus dab da kan batir mai alamar tarawa. Wutar da inbata ke fitarwa bolt 230 ce, tana kisa kamar ta gari, balle ga mutumin da ƙafarsa ke cikin ruwa. A ɗora ta a sama, inda feshin ruwa ba ya kaiwa, kada a taɓa ta da jiƙaƙƙen hannu. Batir mai asid yana fitar da iska mai kama wuta lokacin caji, don haka kada a rufe shi ruf, kuma jarkar fetur ta yi nesa da shi. A ɗaure tukunya kada igiyar ruwa ta kifar wa mutum da tafasasshen ruwa a cinya. An gama girki, a kashe inbata, domin ko ba ta aiki tana shan batir a hankali.

Kafin ka sayi kowace tukunya a kasuwar Gadarif, juya gindinta ka karanta lambar W, ka auna ta da randarka. Allah Ya tsare mana ku a kan ruwa, Ya sa a dawo da kamu mai albarka. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.