Bagaruwa, maɗaci da ma'auni: abin da bincike ke faɗa game da maganin dabbobinmu

A aikina da ƙungiyoyin makiyaya na yankin Madarunfa, daga Gabi zuwa Ɗan Isa, akwai tambayar da ke dawowa duk damina: me ya sa jiƙon da ya warkar da akuya bara, bana aka ba ta bai yi komai ba? Wasu su ce an yi wa itacen baki, wasu su ce mai haɗawa ne bai iya ba. Masu bincike suna da tasu amsa, kuma amsar tana da amfani ga duk mai garke.

Kowane tsiro yana ɗauke da sinadarai ɗaruruwa, wasu na magani, wasu na guba. A da, mai bincike kan nemi sinadari guda ne kawai a cikin ganye. Yanzu akwai wani fanni da ake kira metabolomik, wato ƙidayar sinadaran tsiro gaba ɗaya. Ana niƙa sassaƙe ko ganye, a tace ruwansa, a zuba cikin na'urar da ke rarrabe sinadaran ɗaya bayan ɗaya, wata kuma ta auna nauyin kowanne. Abin da irin wannan bincike ke nunawa a kai a kai shi ne: itace ɗaya ba ya da ƙarfi ɗaya kullum. Sinadaransa suna sauyawa da lokacin shekara, da irin ƙasar da ya tsira, da shekarunsa, da ɓangaren da aka ɗiba, da yadda aka shanya shi.

Makiyayi ya riga ya san wannan a gonar dawa. Karan da ya bushe abinci ne, amma sabon toho, balle wanda fari ya taɓa, yana iya kayar da saniya nan take. Dalili shi ne ƙaramar dawa tana da wani sinadari mai suna durin, wanda ke zama guba a cikin tumbi, kuma yana raguwa yayin da dawar ke girma. Tsiron bai canza suna ba, cikinsa ne ya canza.

Mu ɗauki bagaruwa. Majemanmu sun daɗe suna jeme fatar jar akuyar Maraɗi da ƴaƴanta, saboda suna cike da sinadarin tanin, mai ɗaure harshe. An gwada tsirrai masu tanin a kan tumaki da awaki a ƙasashe da dama, aka ga suna rage ƙyanƙyasar ƙwan tsutsar ciki, har da jar tsutsar nan mai shan jini, wadda ke sa cikin fatar ido ya yi fari, ƙasan haɓa ya kumbura. Sai dai tanin ɗin nan idan ya yi yawa yakan rage cin abinci, ya hana jiki amfana da abin da aka ci. Tsakanin magani da cuta, ma'auni ne. Haka zancen yake ga sassaƙen maɗaci da na marke da ganyen sabara, waɗanda mutane da dabbobi duka ke sha a ƙasar Hausa.

Yadda ake haɗawa ma yana da nasa tasiri. A ƙasar Sin, wata mai bincike, Tu Youyou, ta nemi maganin zazzaɓin cizon sauro a cikin wani tsiro dangin tazargade. Gwajin farko bai ba da sakamako mai ɗorewa ba. Wani tsohon littafin magani ya nuna mata cewa magabata jiƙawa suke yi ba dafawa ba, sai ta koma tacewa ba tare da zafi mai yawa ba. A 1971 ta samu abin da ya zama tushen maganin zazzaɓin da ake bayarwa a asibitocinmu yau, kuma a 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Ilimin gargajiya ne ya nuna hanya, awo ya tabbatar.

Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. A duniya, tsutsar ciki tana ƙara jure wa magunguna irin su albendazol, musamman inda ake ba da rabin ƙwaya ko ake sayen na jabu a kasuwa. Idan itatuwanmu za su taimaka, to sai an san adadinsu. Muna da Jami'ar Ɗan Dikko Dankulodo a Maraɗi, muna da ɗakin binciken kiwo na ƙasa, LABOCEL, a Yamai. Amma na'ura ba ta san wane itace za ta auna ba sai makiyayi ya faɗa mata.

Don haka nake roƙon kowace ƙungiya ta ware littafi guda. Duk wanda ya ba dabba jiƙo, a rubuta sunan itacen, da ɓangaren da aka ɗiba, da wata, da wurin, da yawan ruwa, ko tafasawa aka yi ko jiƙawa, da girman dabbar. A duba cikin fatar idonta kafin a ba ta, a sake dubawa bayan mako 2. A rubuta wanda ya yi aiki, a rubuta wanda bai yi ba. Mai sassaƙa kuma ya ɗiba a gefe guda, kada ya zagaye gindin, domin itacen da aka yi wa zobe mutuwa yake, kuma dajin Baban Rafi ba zai haifar mana da wani maɗacin cikin shekara ɗaya ba.

Akwai kuma iyakar da ya wajaba mu kiyaye. Jiƙo ba ya maye gurbin allurar rigakafin ciwon huhu na shanu ko ta annobar awaki da tumaki da ake yi kowace shekara. Dabbar da ke kiwo a bakin tafkin Madarunfa tana fuskantar tsutsar hanta, wadda ke bi ta ƙananan dodon koɗi, kuma tana bukatar maganinta na musamman. Wadda ta faɗi ta mutu farat ɗaya, jini na fita ta hanci, kada a feɗe ta, kada a ci namanta, domin ciwon saifa yana kama mutum. A kira malamin dabbobi nan take.